Ruwan Tanderu

Wutar ta ɗauke ne daidai lokacin da ƙarfen ya gama narkewa.

Ba gargaɗi, ba komai. Rurin nan da ya cika masana'antar tun safe, wanda sai ka sa baki a kunnen mutum kafin ya ji ka, ya yanke ɗif kamar an shaƙe shi. Fankokin sama suka yi ɗan juyinsu na ƙarshe suka tsaya. Ba abin da ya rage sai jan hasken da ke fitowa daga bakin tanderun, yana lasar fuskokin ma'aikatan da suka yi cirko-cirko suna kallon juna.

"Janareto!" Foman ya daka tsawa. "Kun tsaya kuna kallona, ni ne wutar? A tayar da janareto!"

Shi ne shugaban masu aikin tanderu, kuma a gabansa aka girke wannan tanderun tun furfura ba ta san hanyar kansa ba. Ya san halinsa fiye da yadda ya san halin 'ya'yansa. Wani bututun jan ƙarfe ne ya naɗe shi daga ƙasa har sama. Ta jikin bututun wuta ke bi ta narkar da ƙarfe, ta cikinsa kuma ruwa ke gudu ya hana shi ƙonewa. In wuta ta ɗauke, injin tura ruwa ya tsaya, amma zafin narkakken ƙarfe ba ya tsayawa. In bututun ya ƙone, tanderu ya mutu. In kuwa ya mutu, babban ofis ba zai gyara ba. Kowa ya san sun daɗe suna neman dalilin kwashe kason wutar wannan tsohuwar masana'anta su kai sabuwar da ake ginawa a wajen gari, su sallami kowa da kowa.

Janareton ya yi tari, ya yi gurnani, ya furzar da baƙin hayaƙi, ya yi shiru.

"Maigida, babu mai a ciki!" wani ya ƙwalo daga can. "Tun da aka rage mana kason mai ba a ƙara zubawa ba. Manaja ya ce layinmu na musamman ne, ba a ɗauke masa wuta."

"Ai ga shi kuwa ba a ɗauke ba," in ji Foman.

Shi Manajan tun da safe ya shiga motarsa ya tafi wani taro da ake yi a kan tattalin makamashi.

Saura dabara ɗaya. A bayan ginin akwai tankin ko-ta-kwana, ƙato, a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, wanda aka yi domin irin wannan ranar. Ba ya bukatar wuta, buɗewa kawai za a yi ruwa ya gangaro da kansa. Wata igiya ta fito daga cikinsa, an ɗaura mata jan katako yana reto a waje. In tanki a cike yake, katakon yana ƙasa. In ruwa ya ragu, katakon ya hau. Kullum Foman ba ya shiga aiki sai ya ɗaga kai ya dube shi, yau ma ya duba, yana ƙasa.

Ya ruga, ya kama ƙarfen buɗe ruwan da hannu biyu ya murɗa. Bututun ya yi huci. Ya tofo wani ɗan jan ruwa mai tsatsa. Daga nan sai iska.

Ya ƙara murɗawa har ƙarshe. Iska.

"Foman, me ya hana ruwan saukowa?"

Injiniya ce tsaye a bayansa, da hular kwanonta. Ba a daɗe da turo ta daga babban ofis ba. Ba ta da yawan magana, kullum tana zagaye tana auna wannan tana shafa wancan, shi ya sa ma'aikata ke kiran ta Idon Ofis in ta ba da baya.

"Tambayar da zan yi miki ke nan, ranki ya daɗe," ya ce. "Ke ce kullum kike bin bututan nan kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi."

"Kai ne mai kula da tankin."

"Katako ya ce a cike yake."

"Katako ba ruwa ba ne." Ta juya ga ma'aikatan, muryarta ta fita tar. "Ku kama famfon hannu na ɗaga tanderu, a karkata shi, a juye ƙarfen a ramin yashi. Ku yi ta karɓa-karɓa, kada hannu ya tsaya." Sannan ta nuna wa Foman agogon auna zafi da ke jikin bango. Allurarsa ta baro kore, tana tafiya a hankali cikin rawaya. "Karkata shi da hannu zai ɗau lokaci. In allurar nan ta taɓa ja kafin mu sami ruwa, an gama."

"Wutar fa?"

"Na kira tashar wutar lantarki. Ruwan madatsa ya ja baya, injinansu ba sa juyawa yadda ya kamata. Sun yanke layuka sun tura babban birni. Ba su ce ga lokacin dawowa ba."

Ya dube ta. Yaushe aka ɗauke wutar, har ta kira, har aka yi mata wannan dogon bayani? Ko dai da saninta? Wanda ke son tanderu ya mutu ba tare da an ga hannunsa ba, ai abin da zai yi ke nan: ya zubar da ruwan tanki, ya zauna ya jira ranar da za a ɗauke wuta. Ita ma kallon sa take yi, irin kallon da ake yi wa wanda aka tarar a ɗakin da aka yi sata.

"Ina Sifana?" ta ce.

Sifana shi ne mai gyaran bututan ruwa, ƙanin matar Foman, kuma Foman ɗin ne ya samo masa aikin. Sunan ya bi shi ne domin ko gidan biki za shi, da sifana, ƙarfen kwance noti, a aljihunsa na baya.

"Yanzun nan na gan shi," in ji ɗaya daga masu buga famfo, yana haki. "Wuta na ɗaukewa ya yi ƙofa, ko hularsa bai ɗauka ba."

Foman ya nufi tsanin tankin ya fara hawa.

Ƙarfen tsanin ya sha rana, yana ƙona tafin hannu. Da ya kai sama ya ɗaga murfin ya leƙa. Wayam. Sai 'yar laka a ƙasa da wani mataccen ƙadangare. Robar da ya kamata ta yi iyo a kan ruwa ta ja igiya, ga ta nan rataye a sama tana lilo, domin an ɗaure igiyar tamau a bakin tankin yadda katakon waje ba zai taɓa motsi ba.

Da ƙyalle aka ɗaure ta. Rawaya, mai ɗigo-ɗigon kore.

Ya tsura wa ƙyallen ido. Ya san yadin nan. Matarsa tela ce, kuma da ragowar wannan yadin ta yi wa kanta ɗankwali, ta yi wa autarsu riga. Har tsiya ya yi mata a ranar, ya ce ta mayar masa da 'ya zabuwa.

Sai a lokacin ya ga wani tiyo na jan ruwa. Shuɗi ne, amma an shafe shi da laka don ya saje da ƙafar tankin. Ya fito daga ƙarƙashi, ya bi ƙafar ya sauka, ya shige kwatar da ta ratsa ƙasan katanga. Foman ya miƙe ya bi shi da ido.

Daga nan sama ana ganin garin kashi biyu. A dama ga dogayen gine-gine da ba a gama ba, ga gadar jirgin ƙasa da ake yi da rodin wannan masana'antar, ga ƙaton allon da ke cewa ƙasa ta kusa shiga sahun waɗanda suka ci gaba. A hagu kuwa rufin kwano ne a cunkushe iyakar ganin ido, mutane kamar su hau kan juna, unguwar da famfunanta suka bushe tun ranar da aka karkatar da babban bututu zuwa masana'antu. Tiyon ya ɓulla a bayan katanga, ya bi gefen lungu an ɗan rufe shi da ƙasa, ya shige bayan wani gida mai koren ƙyaure.

Gidansa.

Bokitin wankansa na kowace safiya ya faɗo masa a rai. Ruwa garau, mai sanyi. Sau ɗaya ya taɓa tambaya, ta ce mai sayar da ruwa ne ya kawo. Wane mai sayar da ruwa, a unguwar da suka daina shigowa? Bai ƙara tambaya ba. Ruwan ya yi masa daɗi.

Tsanin ya girgiza. Injiniya ce ke hawowa. Da sauri ya kwance ƙyallen ya cusa a aljihun rigarsa. Igiyar ta zube, jan katakon waje ya yi sama da gudu ya daki bakin tankin, ƙwal.

Ta leƙa ciki, ta dubi igiyar, ta dube shi.

"Me ka sa a aljihu?"

"Hankici ne. Zufa."

"Foman."

"Ranki ya daɗe, ki koma ki tsaya a kan allurar nan. Zan kawo ruwa."

"Daga ina? Duk yankin nan babu famfon da ke zuba."

"Zan kawo."

Idonta ya sauka a kan tiyon. Ya ga ta gan shi. Ta bi shi da kallo har katanga, sannan ta fara sauka, shi ma ya bi bayanta.

A bakin ƙofa mai gadi ya buɗe masa ƙaramar ƙofar tun kafin ya yi magana, kansa a ƙasa. A gefen bencinsa ga jarka cike da ruwa, an yafa mata tsohon buhu.

"Kai ma, Baba?" in ji Foman.

"Ni ban ga komai ba, ɗana. Idona ya tsufa."

"Amma maƙogwaro bai tsufa ba."

Ya shiga lungu da gudu. Mazan da ke zaune a ƙofar shago suka yi shiru da suka gan shi. Wata mata ta janye ɗanta ta rufe ƙofa. Ashe kowa ya sani. Duk gaisuwar girmamawar da ake yi masa kwanan nan, duk "sannu da aiki, Foman" ɗin nan, ashe ta ruwa ce.

Ya banke koren ƙyauren. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Tela, tana zaune a kan kekenta na ƙafa, domin na wutar ya daɗe a lulluɓe. Ɗankwalin nan rawaya ne a kanta. A bayan ɗaki kuwa ga Sifana a durƙushe yana janyo tiyo yana naɗewa, zufa ta jiƙa shi sharkaf.

"A'a, mijin Yaya!" Sifana ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Har an tashi? Ni ma cikina ne ya murɗa, na ce bari in..."

Foman ya zaro ƙyallen ya ɗaga.

Keken ya tsaya.

"Wallahi cikawa nake yi," Sifana ya fara. "Kullum in injin na aiki sai in mayar da abin da muka ɗiba, ba wanda ya taɓa ganewa. Kwanan nan ne aka rage ruwan da ake turo wa masana'antar, ya ƙi cika. Na ce bari in ɗaure igiyar na ɗan lokaci, kada hankalinka ya tashi a banza. Ai Manaja da bakinsa ya ce ba a ɗauke mana wuta!"

"Don kada hankalina ya tashi. Allah ya saka maka da alheri. Ga shi nan a kwance."

"Kada ka taɓa shi," in ji Tela. Ta miƙe ta shiga tsakaninsu. "Ni na sa shi. In duka ne, ga ni."

"Ke kin san abin da kuka yi kuwa?"

"Na sani sarai. Na ba 'ya'yanka ruwa. Kai ka san ranar da autarka ta yi ta amai saboda ruwan kududdufi? Kana can kana shayar da ƙarfe. Kullum rediyo na cewa mu yi haƙuri, ƙasa za ta ci gaba. To ta ci gaban mana, amma da wa za ta tafi in duk mun mutu da ƙishi? Ƙarfe ya sha, siminti ya sha, mu da muka haifi masu aikin sai mu lashi allo?"

"Tanderu zai mutu yanzun nan."

"Ya mutu mana! Sai a dawo mana da ruwanmu."

Mata sun fara taruwa a bakin ƙofa, wasu na leƙe ta kan katanga. Wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da su ta dogara sandarta ta shigo.

"'Yar nan, wa ya faɗa miki za a dawo da shi?" ta ce. "Sabuwar masana'anta za a kai. Ruwan da wutar duka. Mu a bar mu da mazaje a kwance a tsakar gida suna ƙirga ƙudaje. Nawa biyu suna ciki, ɗa da jika."

Foman ya duba gefen bango. Durom-durom da jarkoki ne a jere an rufe su da tsofaffin tabarmi. Ya san kowane gida a lungun nan haka yake.

"Ruwan nake so," ya ce. "Duka. Na kowane gida. Yanzu."

"A mayar ta tiyo?" in ji Sifana.

"Ruwa na hawa sama da kansa ne, sarkin dabara? A ka za a ɗauka. Ta babbar ƙofa."

Tela ta yi masa wani irin kallo. "Ka san abin da kake faɗa? In muka shiga ta ƙofar nan da jarkoki, mun faɗa wa duniya da bakinmu. Matar nan ta ofis tana ciki. Kurkuku ake kai mutum a kan ruwan masana'anta yanzu, ba tara ba. Ƙanina ne. Kai ma ba za su yarda ba ka sani ba."

"Na sani."

"Kuma in mun juye, me za mu sha gobe?"

"Wannan ban sani ba."

Ta daɗe tana kallon sa, tana neman inda ƙarya take a fuskarsa. Shi ma yana kallon ta, yana tunanin me kuma ta ɓoye masa ban da wannan. Sannan ta juya ta fizge tabarmar da ke kan jarkokin, ta ɗauki ɗaya ta aza a ka.

"Kun ji ai," ta ce da matan. "Wadda mijinta ba ya cin abinci a masana'antar nan ta zauna. Kai kuma," ta harari Sifana, "ka ɗauki biyu, tunda kai ne gwanin ƙulli."

Mai gadi bai jira umarni ba, ya wangale babbar ƙofa. Suka kwararo ciki, mata da 'yan mata da tsofaffi, da jarkoki da bokitai da baho da tukwane, har da mai butar shayi. Mazan da ke ƙofar shago suka turo durom a kan baro. Ma'aikatan da ke buga famfo suka ɗago kai, kowa ya hango matarsa ko uwarsa, kowa ya mayar da kai ƙasa ya ƙara ƙarfin bugu.

Injiniya ta fito ta tsaya. Ta dubi jerin, ta dubi Foman. Allurar saura ƙiris ta taɓa ja.

"Kada ku tsaya hawa da su har sama," ta ce da sauri. "Lokaci ba zai isa ba. Sifana, kwance mahaɗar bututun da ke kan dandamalin tsakiyar tsanin tanki, a sa mazurari. Tsayin nan ya isa ya tura ruwa. Maza su jeru a tsani, mata su miƙa. A tace da ƙyalle, kada datti ya toshe bututun."

Sifana ya zaro sifanarsa daga aljihun baya ya haye kamar biri. Aka jeru. Bokiti ya bi hannu, hannu ya miƙa wa hannu. Ruwan farko da ya shiga bututun ya yi wata ƙara kamar an taka maciji, tururi ya yi tsiri ta ɗaya bakin, mata suka yi baya da salati.

"Kada ku tsaya!" in ji Injiniya. Ta tuɓe hular kwanonta ta shiga layi, tana karɓa daga hannun Tela tana miƙa wa Foman.

A ciki tanderun ya karkata, ya karkata, sai ga ƙarfen ya leƙo bakinsa ya zubo, fari fat saboda zafi, ya kwarara ramin yashi yana tartsatsi. Haske ya cika ginin. Foman bai kalle shi ba, allurar yake kallo ta taga. Ta tsaya a bakin ja tana rawa. Ta daɗe a nan kamar mai shawara. Jarkoki suna ƙarewa, ana jefar da su gefe suna ƙara kamar ganguna. Tsohuwar nan ta miƙo ɗan kwanonta, aka juye shi ma.

Allurar ta ja baya. Kaɗan. Sannan ta ƙara.

Wani ya yi ihu, sauran suka ɗauka. Foman ya zauna a matakalar tsani. Tanderu ya rayu. Tsakar masana'antar kuwa cike take da jarkokin da babu ko ɗigo a cikinsu, kuma rana ba ta ko faɗi ba.

Injiniya ta zo ta tsaya kusa da shi, hannayenta sun yi ja.

"Na zaci ke kika zubar da shi," ya ce, bai dube ta ba. "Don su sami dalilin rufe mu."

"Ni kuma na zaci kai kake sayar da shi."

Ya ɗago.

"Tun zuwana na lura ruwan da ke shiga ya fi wanda tanderu ke sha," ta ce. "Na bi bututan ciki duka ban ga inda yake zuba ba. Tankin ne kawai ban hau ba, saboda katakon, kuma saboda kowa ya ce min tankin Foman ba a taɓa shi. Da na san yara ke sha..." Ta goge fuska. "Foman, akwai abin da ya kamata ka sani. Ban tsaya a zato ba."

"Kin faɗa wa Manaja?"

"Ban yarda da Manaja ba. Wanda man janareto ya ɓace a hannunsa? Sama da shi na kai maganar."

"Ina?"

Kafin ta amsa, hayaniyar tsakar gidan ta fara mutuwa, daga bakin ƙofa zuwa ciki, kamar ana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya. Wata farar mota ce mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar da mai gadi ya manta bai rufe ba. A jikinta akwai tambarin hukumar rabon ruwa da makamashi.

Mutum ɗaya ya fito. Siriri ne, rigarsa a goge, takalminsa na sheƙi, ba wanda ya taɓa ganin sa. Bai yi sauri ba. Ya ratsa tsakanin jarkokin yana kauce musu a hankali kamar mai gudun ɓata wa wani kaya, mata suna darewa suna ba shi hanya. A hannunsa na hagu yana riƙe da guntun shuɗin tiyo, sabon yanka, laka na manne a jikinsa.

"Sannunku da aiki," ya ce, da murmushi. "Na ga an yi taron dangi. Wane ne Foman?"

Foman ya miƙe. Sifana, da ke kan dandamali, ya lallaɓa ya mayar da sifanarsa aljihu.

"Ni ne."

"Madalla. An ce min ba a taɓa tankin nan sai da izininka." Baƙon ya matso har suna jin numfashin juna. Idonsa ya sauka a kan aljihun rigar Foman, inda bakin ƙyallen ya leƙo, rawaya mai ɗigon kore. Ya sa yatsu biyu ya zaro shi a hankali, ya warware, ya duba. Sannan ya ɗaga kai ya bi taron da kallo, fuska bayan fuska, har ya tsaya a kan ɗankwalin Tela.

Murmushinsa ya ƙaru.

"Baba mai gadi," ya ce, bai ko waiwaya ba, "taimaka ka rufe mana ƙofar nan."